Kotun Ƙoli ta gama da Ghislaine Maxwell, sai kuma aka koma zancen afuwa

Ranar 6 ga Oktoban 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar da Ghislaine Maxwell ta ɗaukaka. A wannan ranar ce 'yan jarida suka tambayi Shugaba Donald Trump ko zai yi mata afuwa, shi kuwa bai ce a'a ba, ya ce sai ya duba. Matar da kotu ta samu da laifin yi wa attajirin Amurka Jeffrey Epstein kawalcin yara mata, wasu 'yan shekara 14, ita ce za a zauna a duba lamarinta.

Ba na jayayya da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Alƙali mutum ne, yana kuskure, kuma ko wanda aka kama da mafi munin laifi yana da damar zuwa kotun gaba. Maxwell ta yi amfani da wannan dama har ƙarshenta. A Disambar 2021 masu taya alƙali yanke hukunci a New York suka same ta da laifi biyar cikin shida, bayan mata huɗu sun ba da shaida. A Yunin 2022 mai shari'a Alison Nathan ta ɗaure ta shekara 20. A Satumbar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Babu matakin da aka hana ta takawa.

Amma a dubi abin da ta kai gaban Kotun Ƙolin. Ba ta je da hujjar cewa matan nan ƙarya suka yi ba. Lauyoyinta sun rataya ne a kan yarjejeniyar da Epstein ya ƙulla a 2007 da ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya a kudancin Florida, ƙarƙashin Alexander Acosta, wadda ta yi alkawarin ba za a gurfanar da abokan laifinsa ba. Wato dai cewa take: an yi wa maigidana alkawari, ni ma ya shafe ni. Kotun ɗaukaka ƙara ta amsa mata cewa alkawarin ofishin Florida bai ɗaure hannun ofishin New York ba.

Ita wannan yarjejeniya abin kunya ce tun asali. Ita ta sa attajirin da 'yan sanda suka tara masa shaidun yara masu yawa ya amsa ƙananan tuhume-tuhume na jiha a 2008, aka yanke masa wata 18, ya yi kusan 13, kuma a cikinsu ana barinsa ya fita ofishinsa da rana ya dawo ya kwana. An ɓoye wa yaran da aka lalata cewa ana wannan ciniki. A 2019 wani alƙalin tarayya, Kenneth Marra, ya yanke cewa masu gabatar da ƙara sun karya dokar kare haƙƙin waɗanda aka zalunta, kuma a shekarar Acosta ya sauka daga kujerar ministan ƙwadago. Takardar da aka rubuta a bayan idon yaran nan ita Maxwell ta so ta fake da ita. Wannan rashin ta ido ne.

Akwai masu cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: mace ɗaya tana gidan yari, manyan mazan da suka yi hulɗa da Epstein suna yawonsu. To sai me? Idan akwai shaida a kansu, a kamo su a haɗa su da ita. Rashin kama su bai wanke ta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ya faru ne tun kafin Kotun Ƙoli ta yi magana. A Yulin 2025 mataimakin babban lauyan gwamnati, Todd Blanche, wanda a da lauyan Trump ne na ƙashin kansa, ya je Tallahassee, birnin Florida inda take ɗaure a lokacin, ya yi kwana biyu yana ganawa da ita. Ta ce ba ta taɓa ganin Trump ya yi abin da bai dace ba. Ba a yi nisa ba aka ɗauke ta zuwa sansanin fursunoni na Bryan a Texas, mai sassaucin tsaro, irin wurin da ba a saba kai masu laifin lalata ba. Ace duk wannan dacewa ce kawai? Mai son yarda ya yarda.

Majalisar dokokin Amurka tana da aiki a nan. Ya kamata ta hana a ƙulla irin cinikin 2007 ba tare da an sanar da waɗanda aka zalunta ba, ta kuma tilasta wa hukumar gidajen yari ta faɗi wanda ya sa hannu a takardar kai Maxwell Texas, da dalilinsa.