Me ya sa ɗan wasan snuka ba ya sallamawa lokacin da ya ga dama?

Kafin na zo Ingila, ƙwallon ƙafa ne kaɗai wasan da nake bi, kuma a can na saba ganin 'yan wasa sun yi wa alƙali rubdugu kan bugun fanareti. Da na fara kallon snuka, wasan da ake buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, sai na tarar da wata duniya daban: mutum ya taɓa ƙwallo da hannun rigarsa, babu wanda ya gani, shi da kansa zai ɗago ya gaya wa alƙali. Amma dokar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta sallamawa.

A wasan ces, wato darar Turawa, duk lokacin da ka ga babu mafita kana iya miƙa hannu ka tashi. A snuka kuwa, dokar WPBSA, hukumar da ke kula da wasan a duniya, ta hana ka sallama zagaye sai in makin da ya rage a tebur ba zai isa a cimma wanda ke gaba ba. Lissafin a bayyane yake. Jar ƙwallo maki 1 ce, baƙa 7, wato kowace ja tana iya kawo 8 idan aka bi ta da baƙa, launuka shida da ake bugawa a ƙarshe kuma, har da baƙar, 27 ne jimilla. Idan ja uku suka rage, akwai maki 51 ke nan. Wanda aka ba ratar 50 dole ya ci gaba, ko da zuciyarsa ta karaya. Wanda aka ba ratar 52 yana da damar sallamawa, domin ba zai ci ba sai abokin karawarsa ya yi kuskuren da za a ci shi tarar maki. Ko a nan ma tayi ne kawai, abokin karawar yana da ikon ƙin karɓa ya ci gaba da bugu.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin takura. Ina ruwan alƙali da wanda ya yarda an fi shi? Daga baya na sauya ra'ayi, kuma abin da ya faru a birnin York na Ingila a Disamba 2006 yana cikin dalilai. Ronnie O'Sullivan yana karawa da Stephen Hendry a gasar zakarun Birtaniya, wasan da ake buƙatar cin zagaye 9. Hendry na gaba da 4 da 1, O'Sullivan ya ɓarar da wani bugu a zagaye na shida, sai ya miƙa wa Hendry hannu ya fice. An ci shi tarar fam 20,800. Mutanen da suka sayi tikiti ba su ga ƙarshen wasan da suka zo kallo ba. Hendry ya wuce gaba, amma ba irin nasarar da ya zo nema ba ce. A lokacin na fahimci cewa zagayen ba mallakar mai bugu kaɗai ba ne. Ga kuma batun caca: idan kowa zai iya zubar da zagaye sanda ya so, ta yaya za a bambance mai fushi da wanda aka saya?

Inda nake da ja shi ne sashen ɗabi'a. Dokar ta ba alƙali ikon yin gargaɗi kan zagi, ko ɓata lokaci, ko duk abin da a ganinsa rashin da'a ne. In aka maimaita sai ya ba abokin karawa zagayen, in abin ya yi muni ya ba shi wasan gaba ɗaya. Sallamawa tana da lissafi, wannan kuwa ba ta da shi. Dukan gefen tebur da hannu saboda takaici, wani alƙalin zai yi gargaɗi, wani ya kau da kai. Daƙiƙa nawa ne ɓata lokaci? A ƙwallon ƙafa aƙalla katin gargaɗi kowa na ganinsa. A snuka sau da yawa magana ce a hankali tsakanin mutum biyu, 'yan kallo sai dai su yi ta hasashe.

Ba na goyon bayan a rage wa alƙali iko, domin shi ne ya hana wasan zama filin gardama. Abin da nake so shi ne duk gargaɗin da aka yi a faɗe shi a fili, da dalilinsa, kamar yadda ake sanar da maki bayan kowane bugu.