Baƙon da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Wani bidiyo na minti 8 a YouTube ne ya ja mini. Bature ya ɗauki katako, ya yanka, ya goge, kafin ka ce kwabo ga fitilar tsaye a kusurwar falo tana haske kamar ta otel. Na dubi uwargida na ce wannan ai ko da ido ɗaya zan yi. Ta ce, "Maigida, ƙofar kicin da ka gyara bara, har yau da ƙafa muke rufe ta." Na yi kamar ban ji ba.

Asabar da sassafe na nufi 'Yan Katako a Na'ibawa. Mai katako ya nuna mini maɗaci busasshe, da na ji kuɗin sai na ce a ba ni malaina. Bawan Allah ya gaya mini gaskiya, bai gama bushewa ba, zai iya lanƙwashewa. Na ce ai ranar Kano za ta ƙarasa aikin. Na ɗauki tubaitu, wato sandar katako mai kaurin inci biyu-biyu, mai tsawon ƙafa 6, na biya Sabon Gari na sayi waya, holda, fulogi da ƙwai mai wat 100, don ni ba na son haske na wasa.

Zarto da guduma aro na yi wajen kafintan unguwa. Ya tambaye ni ko ya zo ya duba mini, na ce, "Haba Malam, ɗan ƙaramin abu ne."

Gindin na fara yi, allo inci 10 kowane gefe. Sanda mai ƙafa 6 a kan inci 10, ko ɗan firamare ya san ƙarshen zancen, ni ne kawai ban sani ba. Ina sakin hannu ta yi ruku'u, ta wuce sujada a kan faranti mai kofunan shayi. Biyu suka riga mu gidan gaskiya. Na ɗauko rabin bulo na danne gindin, sannan ta yarda ta tsaya.

Shi Baturen ta cikin sandar ya zura wayarsa. Ni ba ni da injin huda, sai na bi bayanta da ƙananan ƙusoshi, ina lanƙwasa su a kan wayar. Na ƙara wani guntun katako a gicciye kusa da sama, wai wurin ajiye littafi. Haɗa fulogi kuwa na iya: waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa wajen fis, shuɗiya ɗaya gefen. Abin da na manta shi ne zare fulogin kafin in koma gyara holda. Lokacin da na fara babu wuta. Aka kawo ba sallama. Bolt 230 ya bi ta yatsana ya gaisa da haƙorana, na yi wani salati da ban san na haddace shi ba. Uwargida ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "An gama?"

Saura hular fitila. Nan na nuna basira, na ɗauko tsohuwar malafata ta zuwa gona na kifa a kai. Wallahi ta yi kyau, haske na fita ta ƙofofin saƙar kamar taurari. Minti 15 muka ji ƙauri. Uwargida ta ruga kicin tana zaton tuwonta ne. Ashe irin wannan ƙwai mai zare, yawancin wutar da yake ci zafi take zama, haske ɗan kaɗan ne. Malafa ta samu tabo baƙi a tsakiyar ka, na koma na sayo LED mai wat 9, wanda tun farko mai shagon ya miƙo mini na ƙi.

Bayan sati biyu maganar mai katako ta tabbata, sanda ta rusuna kamar dattijo mai ciwon baya. Don in rufe asiri, da lanƙwasar da wayar nan mai ƙusoshi, na rataya babbar rigata a kan katakon littafi.

A daren ne Inna ta iso daga ƙauye, an ɗauke wuta, sai hasken waya. Ta shiga falo, muka ji ta ce, "Sannunku da hutawa." Shiru. Ta ƙara, har da ɗan durƙuso: "Malam, ina wuni?" Shiru. Ta fito tsakar gida ta ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Kai, wane ne wannan mara tarbiyya da ka ajiye a ɗaki, da malafa cikin dare, ana gaishe shi yana kallon ƙasa?"

Uwargida ta zauna a bakin rijiya tana dariya har da hawaye. Kafin in buɗe baki aka kawo wuta, kan baƙo ya kama haske. Inna ta saki jakarta ta yi waje ba takalmi, sai a ƙofar maƙwabta muka same ta tana karanta Ayatul Kursiyyu.