Bayan likita ya ce "sai haƙuri", wa ke kama hannun uwar yaron da bai gani?

Akwai wata maƙwabciyarmu a nan Maradi, ba zan kama sunanta ba, dussa ta kama ɗanta shina da shekara biyu da 'yan watanni. Zazzaɓi ya sauka, ƙuraje sunka baje, amma idanun ba su koma daidai ba, fari ya rufe baƙin ido duka biyu. Ta kai shi asibiti anka duba anka ce mata hakiya ce ta riga ta zauna, sai haƙuri. Ta goyo abinta ta hau kabu-kabu ta dawo gida. Shi ke nan fa. Ba wanda ya ce mata ga inda za ki, ga wanda za ki gani, ga yadda ake renon yaron da bai gani. Ran da ta ba ni labari ce mini ta yi, "Malam, wallahi ba makantar ce ta fi ci mini rai ba, rashin sanin mi zan yi mishi ne."

A ganina nan ne muke yin asarar yaran nan, tun kafin a kai ga maganar lakkwal. Taimakon da munka saba da shi, wato buhun shinkafa da azumi da jika biyu a hannu, ban raina ba, yunwa ba ta jira. Amma shinkafa ba ta koya wa yaro hanyar makewayi.

Abin da uwa ke buƙata a shekarun farko ba wani abu ne mai tsada ba, mutum ne da ya san aikin ya shigo gidan ya zauna bisa tabarma ya nuna mata. Yaro mai gani da ido yake satar koyo, ya ga an ɗauki moɗa an nufi randa shi ma ya yi, shi kuwa wanda bai gani sai an kama hannunshi an ɗora bisa abin an faɗi sunanshi, sai an yi ta yi mishi magana ana aiki, yanzu ina daka, yanzu zan hura wuta, ka ji wannan ƙarar tulu ne. Kar a riƙa sauya wa kaya wuri a tsakar gida, a bar shi ya ƙirga taku daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, ya ci abinci da kanshi ko zai ɓata riga. Maƙwabciyar tamu don tsananin tausayi ɗaki ta riƙa aje shi kar ya faɗa murhu, har ya kai shekara huɗu bai iya sa wando ba, kuma ni ban ga laifinta ba ko kaɗan, soyayya ce da ba ta samu mai nuna mata hanya ba.

Ga wani abu kuma da ke ƙona mini rai. Ba duk yaron da ake kira makaho ne bai gani gaba ɗaya ba. Wani tabarau kawai yake so, wani a maido shi bencin gaba a yi mishi manyan baƙaƙe, wani yanar ido ce aka haife shi da ita wadda in an yi aikinta da wuri ana ceto ganin, wani dundumi ne na rashin bitamin A. Don haka in uwa ta ga fari cikin ƙwayar idon jariri, ko ta lura bai bin haske, a tahi asibiti ranar, kar a tsaya ɗiga mishi ruwan ganye ko tozalin da ba a san mi ke ciki ba.

Sai lakkwal. Makarantar makafi da kowa ya sani ita ce Soli Abdourahamane a Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, to wace uwa ce a ƙauyen Dakoro ko Mayahi za ta sallama ɗan shekara shida ya tahi can? Shi ya sa nake ganin karatun ne ya kamata ya taho wurin yaron, a horas da malami ko malama ɗaya a lakkwal ɗin unguwa su iya birel, wato rubutun makafi da ake karantawa da shafar yatsa, yaro ya zauna aji ɗaya da 'yan uwanshi ya kwana ɗakin uwarshi. Birel ɗin nan fa ba tsafi ba ne, ɗigo shida ne ake juyawa su ba da alama 63, kuma wanda ya tsara shi, Louis Braille na Faransa, yaro ne makaho ɗan shekara 15 a 1824. Da ɗan allo da tsinke ake huda takarda, daga dama zuwa hagu kamar yadda muke rubuta ajami, in an juya takardar sai a shafa daga hagu. Ga kuma waya, duk mai Android akwai TalkBack da ke karanta mishi abin da ke bisa gilashi.

In ba a yi haka ba mun san ƙarshen zancen, muna ganinshi kullum bakin Babbar Kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a. Kuma ba yaro ɗaya ake rasawa ba, biyu ne, don ƙane ko ƙanwa ake fiddawa daga aji a mai da su 'yan jagora.

Za a ce mini ba kuɗi, aji ɗaya ma yara nawa ne, masu idon ma ba su samu littafi ba. Gaskiya ne, ban musa ba. To amma ƙasar nan ce fa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Janairun 2025 cewa ita ce ta farko a Afirka da ta kawar da makantar bakin gulbi, kuma da bin ƙauye ƙauye shekara da shekaru anka kai ga haka. Mutanen da ke bin gida gida da ɗigon shan inna da bitamin A suna nan, mi zai hana a ƙara musu tambaya ɗaya, gidan nan akwai yaron da bai gani sosai? A rubuta sunanshi, a haɗa uwar da ƙungiyar makafi ta ƙasa UNAN, a sa sarkin makafi cikin shawara tunda ya fi kowa sanin gidajen. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, ba alfarma muke roƙo ba. Malamanmu ma su taimaka a huɗuba, su ne sunka karantar da mu cewa a kan makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum Suratu Abasa ta sauka, kuma ilimi ya zo nema ranar, shi ne kuma ya zama ladanin Manzon Allah (SAW).

Ɗan maƙwabciyar tamu yanzu shekararshi bakwai. Wata tsohuwa makauniya a unguwar ce ta koya mishi riƙe sanda, ya haddace izu biyu da ka, in na wuce tun daga takuna yake gane ni ya ce "Baba sannu da zuwa". Oktoba na tahowa za a koma lakkwal, uwar ta tambaye ni sau biyu inda za ta kai takardar haihuwarshi a rubuta shi.