Yadda Yumɓun Minecraft Ya Tsaya Mini A Katangar Hajiya

Ku da kuka je gidan surukata Hajiya a Unguwar Rimi ranar yawon Sallah kun gani da idonku, ba ku nake ba labari ba. Waɗanda Auta, ƙanen matata, ya tura wa bidiyo a WhatsApp nake so su ji ta bakina, domin bidiyon nan yanke shi aka yi, ba a nuna farkonsa ba.

An ci waina, an sha zoɓo, yara suka jona kwamfutar Auta da talabijin ɗin falo suna buga Minecraft, wasan nan da komai nasa mai kusurwa huɗu ne, har rana da tumaki. Na leƙa na ga gidan da suka gina: akwatin dutse, ƙofa ɗaya, ba taga. Na ce wannan ai magarƙama ce. Ni da mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana ɗora tubali a birnin Zariya, ni ma da bulo nake ci nake sha, ba zan ga wannan in yi shiru ba. Na ce su matsa, zan yi musu zaure da zanko huɗu. Hajiya tana kujerarta tana jan carbi, kun kuma san maganar katangar filinta na Rigachikun da ake ta juyawa tun azumi. Shi ya sa na ɗan ɗaga murya.

Auta ya ce, "Yaya, a sa maka wanda ake ba da kayan gini kyauta?" Na ce wa ya taɓa ba magini kaya kyauta a garin nan? A sa mini wanda mutum ke nema da guminsa.

Yumɓun wasan a ƙarƙashin ruwa yake, a bakin kogi ko fadama, launinsa toka-toka. Na shiga da shebur na yi ta haƙa, mutumina yana nutsewa yana tasowa. Duk dunƙule ɗaya da ka fasa sai ya ba ka curi huɗu. Na tara curi 64, na zuba a murhu, na sa gawayi. Yarinyata ta buɗe baki za ta yi magana, Auta ya taka mata ƙafa. Na gan shi. Wannan ma ba ya cikin bidiyon.

Murhun nan daƙiƙa 10 yake ɗauka a kan kowane curi, gawayi ɗaya kuma curi takwas yake gasawa. Ku lissafa: kusan minti 11 falo guda yana kallon wuta tana ci a talabijin, ni kuma ina cike shirun da bayanin makuba da azara, da yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana. Da na buɗe murhu, sai ga 'yan ƙananan jan bulo. Ashe idan curi ka gasa, jan bulo yake zama, kuma ba ya komawa yumɓu har abada. Wai sai ka fara haɗa curi huɗu su koma dunƙule, sannan ka gasa dunƙulen, shi ne zai ba ka gasasshen yumɓun da suke kira terakota. Wane magini ne a duniya yake fasa ƙasa don ya sake haɗa ta kafin ya gasa? Yarinyata ta ce, "Abba, uku daga ciki za su yi tukunyar fulawa." Uwarta ta tashi ta shiga kicin, kafaɗunta suna rawa.

A nan ne Dakta ya shigo maganar. Kun san Dakta, wan Auta, wanda ba likita ba kuma bai kammala digirin da ya sa ake kiransa haka ba. Jin kalmar terakota kawai ya ajiye cinyar kaza ya gyara zama. Wai mu 'yan Kaduna bai kamata a koya mana gasa yumɓu ba, domin a Nok, nan ƙasar Jaba, masu haƙar kuza suka fara tono wani gunki na gasasshen yumɓu a 1928, wani Bature Bernard Fagg ya zo ya bi diddigin abin daga 1943, kuma gumakan sun haura shekara 2,000. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma ya rufe da cewa, "Mutanen nan ba su da talabijin, ba su da mai nuna musu, kuma ba su ƙona gawayin yara a banza ba."

Wannan Daktan ne fa ya ari motata zuwa ɗaurin aure a Kafanchan ya dawo mini da ita allurar mai tana kwance, da ɓawon gyaɗa har cikin aljihun ƙofa. Shi ne ya karɓi janaretona "na kwana biyu" lokacin sunan ɗansa, yaron yanzu yana tafiya da ƙafarsa, har yana cikin masu yi mini dariya ranar. Duk zaman da za a yi sai ya kawo Nok. An yi zancen tsadar siminti, Nok. An yi zancen tukunyar da ta fashe a kicin, Nok. Na taɓa tambayarsa ko ya taɓa taka garin, ya ce hanya ce ba kyau. Mutumin da ko bulo ɗaya bai taɓa ɗagawa ba, kejin kajin da ya kafa a bayan gidansu ruwan farko ya kwantar da shi, amma shi ne mai sharhi a kan aikina a gaban mahaifiyarsa.

Na koma kogi. Wannan karon dunƙule na gasa, ya fito ja-ja mai ruwan ƙasa, sak jar ƙasar Zariya. Auta ya ce, "Yaya, bar shi haka, ya yi." Da ma shawarar daga wani bakin ta fito. Na ce a'a, zauren manya sai da ado: farin bango, shuɗin ƙofa. Launi 16 ake iya rina shi, ka jera guda takwas a teburin haɗa kaya ka sa rini ɗaya a tsakiya. Farin rini daga garin ƙashi ake samu, shuɗi kuma daga wani dutse da ake haƙowa can ƙasa. Yara suka buɗe akwatinsu suka ba ni wanda suka daɗe suna tarawa, na rine kaf abin da na gasa, na hau gini ban tsaya dubawa ba, don hankalina yana kan zanko. Zankon kuwa ya fita, wannan ko Dakta bai musa ba.

Sai na ja da baya don kowa ya gani.

Jama'a, farin nan ba fari ba ne. Wani ruwan hoda ne mai ɗan duhu. Shuɗin kuma shunayya ya fito, irin mai ɗaukar ido daga nesa. Haka wasan yake, launin ƙasar yana cinye rinin, kuma wanda ka riga ka rina ba ya sake rinuwa. Kamfanin Mojang na Suwidin da Microsoft ta saya dala biliyan 2.5 a 2014, a ce a cikinsu an rasa mai gane shuɗi. Falo ya yi tsit. Ina jin ƙarar fanka. Ɗan Dakta, wancan na janareto, ya je har gaban talabijin ya sa yatsa a kan zaurena ya ce, "Ɗakin amarya!" Shi ke nan, aka fashe. Auta ya faɗo daga hannun kujera, wayar tana hannunsa bai daina ɗauka ba. Wata baƙuwa da ban ma san ta ba, ƙawar Hajiya daga Kawo, ta ce a tambaye ni ko ina yin na gaske, 'yarta za ta tare bayan Babbar Sallah.

Ban ce uffan ba. Na ce a raina wuta ce ba ta ishe shi ba, kowane mai tukwane ya san gashi na biyu yana gyara launi. Na ɗauki shebur na fara rushe bangon gaba don in mayar murhu. Ina bugawa, bulon yana tsagewa a hankali, sai ya ɓace. Babu komai a ƙasa. Na buga na gaba, ya ɓace. Sai da na cinye rabin bango sannan Auta, yana share hawaye, ya ce, "Yaya, da diga ake cirewa. In ba diga ba, ba ya faɗowa." Yana kallona tun bugun farko.

Ragowar na cire da diga na mayar murhu. Suka fito da ƙyalli da zane-zane, kowanne kuma zanensa yana juyawa ne gwargwadon inda ka fuskanta lokacin da kake ajiye shi. Na jera guda shida, babu biyun da suka haɗu.

Duk wannan Hajiya ba ta ce komai ba. Kun san tsakanina da ita, ko ido ba ma haɗawa. Sai da dariya ta lafa ta ajiye carbi a cinya, ba ni ta kalla ba, 'yarta ta kalla, ta ce a hankali, "Allah dai ya sa na gaske ba haka yake yi ba." Aka amsa da amin. Har matata ta amsa. Na ji muryarta daban.

Dakta ya ce ai ba sai an sha wannan wahalar ba, akwai wani yanki a wasan da tsaunukansa gaba ɗaya terakota ne hawa-hawa, ja da rawaya da fari, diga kawai za ka ɗauka. Auta ne ya raɗa masa, na ga bakinsa a kunnensa. Ina shirin ba shi amsa aka kira La'asar, kowa ya tashi neman buta.

Yaran ba su rushe zauren ba, wai a ciki suke ajiye aladunsu na wasan. Maganar katanga kuma an ce sai bayan damina. Jiya na ga Dakta a Kasuwar Bacci yana tambayar farashin bulo mai inci tara, na ɗauke kai. Janareton ma dai har yanzu yana wurinsa.