Dubu biyun Kawu

Tun da aka ɗora min rubuta gudummawar bikin Auta nake ƙorafin yatsa. Mutum 63 ne a zauren dangi na WhatsApp, kowa ya turo sai na rubuta suna da adadi, ga su ƙ da ɗ da ɓ da sai ka danne harafi ka jira kafin su leƙo. Injiniya ne ya ce in daina wahalar da kaina, ai tun ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da za ka yi wa waya magana ta rubuta. Ya karɓi wayar, ya shiga nan ya fita can, ya nuna min ɗan hoton makirufo a saman haruffa. "Danna nan ka yi magana kawai, Yaya." Na yi mata sallama, ta rubuta tsaf. Kwana uku ko "to" ban sake rubutawa da hannu ba.

Daren Alhamis ina teburin mai shayi, littafi a cinya, waya a hannu, ina karantowa tana rubutawa. Idona na kan littafin. Ita kuma sai ka ɗan yi shiru take daina saurare, ni kuwa kun san ni da shiru. Na kusa da ni ya leƙo ya ce, "Shi Kawunku nawa ya bayar?" Na ba shi amsa. Na ƙarasa jerin, na tura, na jefa waya aljihu, na fuskanci taliya da ƙwai.

Ga abin da mutum 62 suka karanta, ba aya ba waƙafi:

"Gwaggo ta Kurna 10000 Yaya Babba 50000 Kawu na Fagge 2000 dubu biyu fa mutum mai gidan haya huɗu wallahi ko kaza ba za ta saya ba a ƙara min madara ai shi da ma hannun jarirai ne kai rage sukarin nan Anti Amarya 5000"

Ina loma ta uku aljihuna ya fara rawa. Da na duba, hannuna ya riga hankalina: maimakon in goge wa kowa, sai na goge a wajena ni kaɗai. Akwai daƙiƙa biyar da ake ba ka ka janye wannan kuskuren. Ni a kallon wayar na cinye su. To yanzu duk dangi na ganin saƙon, ban da wanda ya rubuta shi.

Mutum ɗaya ne zai iya cire shi, shugaban zauren, wato ɗan Gwaggo. Na kira shi sau tara. Ina ganinsa a kan layi, yana ta zuba fuskar dariya mai hawaye a zauren, amma wai bai ji kira ba. Wannan fa shi ne wanda ya ari hulata zanna bukar ranar hawan Nasarawa shekara uku da suka wuce, ya ce zuwa magariba. Na gan ta a kansa a ɗaurin aure biyu da suna ɗaya. A na ƙarshen har yake ce min, "Wallahi hular nan tana karɓa ta." Da aka zo zaɓen shugaban zauren ma ni na ambaci sunansa, saboda na ga ba shi da aikin yi. Sai da ya ɗauki hoton saƙon, ya tura zauren mata da na 'yan Kaduna, sannan wajen sha ɗayan dare ya goge, ya rubuto min, "An gyara, ɗan'uwa."

Bayan sallar Juma'a aka aiko yaro, Kawu na kira.

Na tarar da shi a zaure kan darduma, carbi a hannu, Yaya Babba a gefe, labulen cikin gida yana motsi ba iska. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har da tambayar yara. Sannan ya ce, "Ɗana, an ce ka yi rubutu a kaina. Idon nan ba ya gani sosai. Karanta min."

Na ce ai ba ya wayata. Nan take ɗan Gwaggo ya miƙo tasa, har ya riga ya ƙara girman rubutun. Da hulata a kansa.

Na fara cikin ƙaramar murya. Kawu ya ce kunnen ma sai a hankali, in ɗaga. Na ɗaga. Da na zo "gidan haya huɗu" ya ɗaga hannu.

"Uku ne. Na Rijiyar Lemo na sayar tun bara. Ci gaba."

"Ko kaza ba za ta saya ba."

Ya juya wajen Yaya Babba. "Nawa kaza yanzu?" Yaya Babba ya sunkuyar da kai yana nazarin zanen darduma, kafaɗunsa na girgiza.

"A ƙara min madara," na karanta.

"Madarar kuma ta wa? Ni zan ƙara?"

"A'a, Kawu, mai shayi ne."

"Au, a gaban mai shayi ake yanka ni. Madalla. Ci gaba."

Hannun jarirai sai da na maimaita sau biyu. A na biyun ya buɗe tafinsa ya duba, ya juya shi, ya rufe. Bayan labule wata ta kasa riƙewa, kuma na san tarin Gwaggo ko a cikin dubu.

A nan ne na yi wautar ƙarshe. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, wayoyin nan wani lokaci abin da ba ka faɗa ba suke rubutawa."

"To yi mata magana mu gani."

Na ciro ta, na danna, ina addu'a a zuci ta kwafsa ko sau ɗaya. Na ce, "Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana." Ta rubuta harafi da harafi, har da ƙugiyar ƙ ɗin. Aka nuna masa, mai idon da ba ya gani ya karanta da kansa.

"Ashe yarinyar kirki ce," in ji shi. "Ba ta ƙarya."

Da zan tafi ya laluba aljihun babbar riga, ya daɗe yana lalube, ya zaro ɗari biyar ya danƙa min, wai in ƙara madara. Na tambayi Yaya Babba ko in sa ta a jerin, ya ce in bar shi ya ji da cikinsa. Gudummawar tana nan dubu biyu. Injiniya ya ce akwai yadda ake sa ta ta riƙa sa aya, ban saurare shi ba. Hular kuma jiya na sake magana, ya ce bayan biki.