Tsinuwa ba ta warware shubuha

Abin da ake yi a TikTok da Facebook da sunan "raddi ga mulhidai", wato martani ga masu musun samuwar Allah, ya isa haka nan. Yaro zai rubuta cewa bai gane yadda ƙaddara ta haɗu da hisabi ba, sai wani ya kunna kyamara ya yi minti arba'in yana tsine masa, bai taɓa tambayar ba ko sau ɗaya. Mabiya su cika ƙasan bidiyon da kabbara. Yaron kuma ya tafi da tambayarsa, har da ƙari: in akwai amsa, me ya hana a ba ni?

A ce 'yan Sakkwato na cikin masu wannan aiki, shi ne abin takaicin. Tun kafin hijirar Gudu a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi fama da wasu ɗalibai masu kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjar tauhidi irin ta malaman kalam, masu kafa hujjar aƙida da hankali. Da alƙalami ya yaƙe su, ya kare imanin manomi da makiyayi. Ɗansa Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu da al-Kanemi, malamin Borno, kan halaccin jihadin Shehu, kuma bai ɓoye hujjojin abokin jayayyarsa ba, ya shigar da su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri.

Masu raddin yau ba sa ma tantance wanda ke gabansu, alhali mutum uku ne daban. Akwai mai waswasi, wanda tunanin ke tsorata shi. Irinsa ne sahabban da suka kai kuka wurin Manzon Allah (SAW), ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Shi lallashi yake buƙata. Akwai mai shubuha, wanda ya ji wata magana ta tsaya masa a rai. Sai mai inkari da gangan. Ka yi wa na farko maganin na uku, ka mayar da shi na uku da hannunka.

Kuskure na biyu ya fi muni: jawo aya ga wanda bai yarda da Littafin ba tukuna. Malaman zaure sun san ba a nan ake farawa ba. Ummul Barahini ta Imam Sanusi, wadda ake karanta tauhidi da ita, ta buɗe ne da hukuncin hankali uku, wato wajibi da korarre da mai yiwuwa, kafin ta shiga siffofin Allah ashirin. Hujjar tana tafiya daki-daki. Duniya tana sauyawa, mai sauyawa fararre ne, wato yana da farko, fararre sai da mai farar da shi. Idan aka ce shi ma wani ya fare shi, ko dai a yi ta komawa baya ba iyaka, ko a dawo inda aka fara, kuma hankali ya kore duka biyun. Inda masu gaggawa ke tuntuɓe shi ne cewa "komai yana da mahalicci". Nan take za a tambaye su wa ya halicci Allah, kuma su suka buɗe ƙofar, domin hujjar ta ce duk fararre ne, ba ta ce komai ba. Sannan wannan hujja samuwar Mahalicci kawai ta tabbatar. Annabci mataki ne na gaba, da dalilansa daban, ba a tsallaka shi.

Masu cewa duk wannan bidi'a ce, a yi shiru kawai, ba su taɓa zama da ɗalibin jami'a mai waya a hannu ba. Su kuma mulhidan da ke kwafo gardamar da Turawa suka yi da coci su liƙa wa Musulunci, ba su karanta abin da suke suka ba.

Garin nan na Sakkwato ya ga inda hukuncin taron jama'a ke kaiwa, a Mayun 2022 da Yunin 2023, lokacin da aka yi kisa bisa zargin ɓatanci. Suratun Nahli, aya ta 125, ta ce a yi jayayya da abin da ya fi kyau. A mayar da karatun tauhidi da dalilansa makarantun Islamiyya, limamai su ware lokacin da matashi zai yi tambaya a keɓe, ba kyamara. Wanda bai karanci fannin ba kuma ya ajiye makirufo.