Kwaɗon da ke jiran tsawa a ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum ’yan uwa. A hamadar Sonora, wadda ta ratsa jihar Arizona ta Amurka har cikin Meziko, akwai wani kwaɗo da Allah Ya hore wa abin haƙa a ƙafafunsa na baya, wani ɗan baƙin tudu mai tauri kamar ƙaho. Da shi yake ture ƙasa yana nutsewa da baya da baya, har ta rufe shi ruf. Yakan yi wata 10 a can ƙasa, ba ci, ba ganin rana.

Ku duba fa, kwaɗo ne, wanda fatarsa ba ta jure bushewa, aka ajiye shi a inda ruwa ya fi komai wuya. Amma kafin a ajiye shi sai da aka shirya masa guzuri. Mafitsararsa ita ce randarsa, a ciki yake adana ruwa, jikinsa na tsotsa kaɗan-kaɗan. Sinadarin da sauran dabbobi ke zubarwa a fitsari, shi tara shi yake yi a jikinsa, don kada busasshiyar ƙasar da ke kewaye da shi ta zuƙe masa ruwa. Subhanallah! Duk sanda na tuna wannan sai ayar nan ta 6 a Suratu Hud ta faɗo mini, cewa babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana ga Allah, kuma Ya san matabbatarta da ma’ajiyarta. Wane ne ya san ramin kwaɗon nan in ba Shi ba?

Ɗan uwa da aiki ya ƙi samuwa, ’yar uwa da kike ta addu’a shekara da shekaru shiru, wallahi ba a manta da ku ba.

Sai dai abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar fitowarsa. Wajen watan Yuli, idan hadari ya haɗu, rugugin tsawa da bugun ruwa a kan ƙasa su ke tashe shi. A daren nan zai fito, ya nufi kududdufi yana kuka kamar na tunkiya, a daren za a yi ƙwai. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, kuma a wajen kwana 9 talibambam ya zama ɗan kwaɗo, don kududdufin ba ya daɗewa yake ƙafewa. Wanda ya yi nawa, a cikin taɓo zai bushe. Manyan kuwa su cika ciki da gara masu fiffike, cin da zai iya riƙe su har wata damina, su koma rami.

Mu fa? Muna kukan Allah Ya kawo sauƙi, sauƙin ya zo, lafiya ta dawo, hannu ya buɗe, Ramadan ya kama, sai mu ce sai gobe. Ni kaina na sha cewa zan fara tashin dare idan hankalina ya kwanta. Ya kwanta, ban fara ba. Astagfirullah.

Ya Allah, Ka ba mu haƙurin jira, kuma idan ruwan ya sauka kada Ka bar mu muna barci.